Katakon Jirgi a Ɗakin Inna

Tun da na dawo ban yi ɗinkin kirki ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya yi sallama, ya jawo benci, ya ce, "To Haruna, ba mu labarin jirgi." Wani so yake ya ji ko ana hango Makka daga sama, wani kuma ko da bayan gida a ciki. Har mutanen Bukuru da ban taɓa ɗinka musu ko aljihu ba sun zo. Akwai kuma masu wayo, waɗanda ke tambayar jirgi da baki, idonsu na kan ƙanena Sabo da ke zaune a ƙuryar shago yana ɗinka maɓalli, shi da kwanan baya yake sa farar riga yana magana da matuƙan jirgi da Turanci. Na gaji da maimaitawa. Ga labarin nan na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada a karanta shi a cikin gidanmu.

Mahaifiyarmu na je ɗaukowa. Shekaru goma sha wani abu da suka wuce ita da Baba suka kama hanyar Makka a ƙafa, suka bar ni wurin koyon ɗinki, Sabo kuma yana ƙarami suka bar shi wurin kawunmu a Gangare, shi ya sa shi boko. Makkan ma ba su kai ba. Baba ya rasu a ƙasar Sudan, Inna ta juyo ita kaɗai, daga nan labarinta ya yanke. Bana wani mai fataucin shanu ya zo ya ce ya gan ta a Fallomi, garin da Faransawa ke kira Fort Lami, tana suyar ƙosai, idonta ya kusa rufewa.

Ran da zan tashi na je filin jirgi in yi wa Sabo sallama. Ɗakin aikinsu wani ɗan bene ne mai gilashi ta kowane gefe. Su biyu ke karɓa-karɓa a kan wayar iska, shi da wani Bayarabe mai haƙuri, Mista Ajayi. A ƙa'ida Baturen filin ne ke ba jirage izinin sauka da tashi, su nasu isar da saƙo ne. Amma Baturen, da rana ta take, sai ya shiga motarsa ya tafi kulob cin abinci, ya bar musu sama da abin da ke cikinta.

A bango na ga jerin ƙusoshi, a ƙasa kuma kwando cike da 'yan katakai kamar tafin hannu, kowanne da haruffa da fenti. Na tambaya. Sabo ya ce, "Kowane jirgi da katakonsa. Da mun yi magana da shi sai a rataye a nan, in ya sauka a cire. Wanda ya karɓi kujera bango zai duba. Abin da ya gani a bango, shi ne a sama."

Na ce, "In aka manta fa?"

Ya yi dariya irin ta 'yan boko. "Yaya, ai wannan ba ɗinki ba ne da za a manta aljihu."

Na haɗiye wannan, na ce, "Me zan gaya wa Inna?"

"Ka gaishe ta."

"Shi ke nan?"

"Yaya, ni ko kamanninta ban riƙe ba. Ka kawo ta, abin da ya kamata zan yi. Amma kada ka sa ta zaci zan bar aiki in zo ina kuka." Da wannan maganar na tafi, kuma ta yi mini nauyi a hanya, don na san matar da zan ɗauko, na san wanda za ta fara tambaya.

Motar wani direba Bayarabe, Lasisi, na shiga, mai kai dankalin Turawa Maiduguri. A bisa buhuna aka jera mu. Ni mutumin Jos, na fito da rigar sanyi har da bargo. Kafin mu kai Bauchi na tuɓe rigar, kafin Darazo na fara tunanin tuɓe ta ciki. Motar kuwa duk inda ta ga inuwa sai ta mutu. In muka yi gunaguni Lasisi ya leƙo ya ce, "Mota na ba ya mutuwa, shi yana hutawa ne. Kai ba ka hutawa?" Sai mu sauka mu tura abin da ke hutawa.

Bayan Potiskum ruwan farko ya sauka, aka gitta ƙarfe a hanya, wai ba mai wucewa sai ƙasa ta bushe don kada manyan motoci su ɓata ta. Muka yi kwana biyu a bakin ƙarfen. Dankali ya sha ruwa ya sha rana ya fara ruɓewa a ƙarƙashinmu. Mai gadin ƙarfen ya ce doka ce, ko uwarsa ce ba zai ɗaga ba. Da yamma motar wani Bature ta iso, ya ɗaga mata har da sarawa. Wani tsoho da ke kusa da ni ya ce masa, "Ashe uwar taka ce ta wuce." Mai gadin bai ƙara kallon inda muke ba.

A Maiduguri na sauka gidan wani fatoma, mai saukar baƙi, kusa da kasuwa. Mutanen kirki ne, sai dai gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Mu a Jos, da sanyin nan namu, "ina kwana" ce a wuce. Su kuwa sai sun tambayi gida da gajiya da zafi, su huta, su sake daga farko. Aka kawo mini burabisko da miyar da ta sha man shanu, na ci har na ji kunya. Amma warin dankali ya bi ni. Matar gidan ta aiko da kaskon turare aka ajiye a ƙofar ɗakina, na ɗauka karramawa ce, sai da na ga an ƙaro na biyu na gane.

Daga nan wata motar ce ta bi da mu ta Dikwa zuwa Gamboru, cikin baƙar ƙasa mai danƙo wadda in ta jiƙe take kama taya ta ƙi saki. A bakin iyaka wani jandarma baƙar fata, dogo, mai jar hula, ya juya takarduna sama da ƙasa. Na nuna masa tabon lambar agana a damtsena, wadda aka yi mini a asibitin Jos. Ya ce wannan lambar Ingilishi ce, ba ta aiki a ƙasar Faransa. Aka sake tsaga ni a ɗaya hannun. Da ya zazzage jakata ya ga almakashi da allura, sai fuskarsa ta sake. Ya shiga ɗaki ya fito da wanduna uku, duk sun yage a wuri ɗaya. Na zauna a gindin bishiya ina yi wa gwamnatin Faransa faci, fasinjoji na jirana suna zagina. Da na gama ya yaba aikin, ya buga mini hatimi, ya riƙe almakashin.

Muna tsallakawa direba ya koma hannun dama ya miƙe. Na yi salati, na ɗauka barci ya kwashe shi. Ashe haka suke tuƙi a can, ba a hannun hagu irin namu ba. Daga Kusuri kuma kwale-kwale ne ya haye da mu babban kogin, mai tuƙin yana nuna mini kawunan dorina yana dariya, ni kuwa ina riƙe da gefen jirgin da hannuwa biyu masu ciwo.

Fallomi gari ne da ke mutuwa da tsakar rana. Kanti, ofis, gidan waya, duk a rufe har sai la'asar, Bature da baƙar fata kowa ya kwanta. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ana rataya shi a hammata ba ko takarda, kuma sai haƙori ya yi da gaske. Shayi kuwa a ɗan kofin gilashi, sukari ya fi ruwa yawa. Larabcin Shuwa ake yi a kasuwa, amma da ka shiga zango sai ka ji Hausa kamar kana Kano.

Na je wurin sarkin zango na ce uwata nake nema. Ya dube ni ya ce, "Wace uwar? Duk tsofaffin nan da kake gani uwar wani ce. Wasu za su Makka, wasu sun dawo, yawancinsu sun manta wanne ne." Na faɗi sunanta, na ce mutuniyar Jos. Ya ce, "Au, uwar Auta." Ya sa aka raka ni.

A bakin wata rumfa na same ta, tana juya ƙosai da tsinke, tana gane ya soyu da ƙarar mai. Ta tsufa, ta ƙanƙance, yanar ido ta rufe mata idanu fari fat. Na durƙusa na yi sallama. Hannunta ya tsaya. Ta kau da kai gefe ta ce, "Kai ne? Ina Auta?"

Ga wanda bai sani ba, ni ɗan fari ne. Inna irin matan da ne, ba ta kiran sunana, ba ta kallona kai tsaye, ba ta yabona a gaban mutane. Kunya ce, na sani, haka aka yi wa kowane ɗan fari a danginmu. Amma wallahi bayan dankali da lamba biyu da wandunan jandarma, na so a ce an tambaye ni ko na sha ruwa. Sai da dare ya fara yi wata maƙwabciyarta ta kawo mini kwanon ƙosai mai zafi, ta ce, "An ce a ba baƙon nan." Na ci, hawaye na zuba a ciki.

Tun daga Fallomi har muka sake tsallake iyaka, maganarta ɗaya ce, Autanta Sabo. Ya yi tsawo? Ya yi aure? Yana tuna ta? In na ce aikinsa magana da jiragen sama, sai ta ce, "Yaron da na bari yana tsoron zakara." Wata rana a mota, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Kai wannan, gaya mini gaskiya. Yana fushi da ni?" Na ce, "Ya ce a gaishe ki." Ba ta ganin hanya, amma wannan ta gane shi sarai.

Kayanta ƙunshi ɗaya ne da kaskon suya. Na ce a bar kaskon, akwai irinsa a kasuwar Jos. Ta ce shi ya ciyar da ita lokacin da ba ta da ɗa. Na ɗauki kasko.

Damina ta kankama muna hanya. Motarmu ta kafe kafin Dikwa, ruwa ya dake mu, zazzaɓi ya kama Inna. Da muka isa Maiduguri ko zama ba ta iya yi sosai, hanyar Jos kuma an ce a rufe take. Na buga wa Sabo wayar tangaraho. Amsa ta zo a taƙaice, ya samar mana wuri biyu a jirgin fasinja mai zuwa Jos. Ban tambaye shi yadda ya yi ba.

A filin jirgin Maiduguri aka ɗora mu a sikeli ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan gyaɗa, har da kasko. Mai wayar iska na can, Malam Bukar, ashe tare suka yi makaranta da Sabo. Ya sauko ya durƙusa ya gai da Inna. Da ta ji cewa yana iya magana da Jos nan take, sai ta kama hannun rigarsa.

"Ɗan nan, ka gaya wa Auta ba na gani. Ka ce hannunsa nake so ya sauko da ni. In ba hannunsa ba ne, sai dai jirgin ya komo da ni inda ya ɗauko ni."

Na ce, "Inna, yana kan aiki fa. Ba a barin wurin."

Ta ce, ba da ni ba, da iska, "Ana maganar uwa da ɗanta." Malam Bukar ya yi dariya ya ce, "An gama, Inna, yanzu zai ji." Ya hau bene ya aika. Wannan saƙon ya isa Jos lafiya lau, ko harafi bai faɗi a hanya ba.

To, ga jirgin da kuke ta tambaya. Ƙarami ne, kujerunsa ba su kai goma ba, in ka miƙe kanka ya taɓa rufi. Bayan gida ban nema ba, Makka kuma ba a hango ta. An ba mu minti da auduga. Audugar ta toshe kunne ce, amma Inna ta ƙulle tata a bakin zane ta ce za ta yi lagwani. Sauran fasinjojin Turawa ne uku da wani Kwara, Balarabe mai kanti, suka yi ta kallon kaskonmu. Ƙofar wurin matuƙi a buɗe take, ina ganin ƙeyarsa, da abin saurare kife a kunnuwansa. Da farfela ta fara juyawa na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban haddace daidai ba. Inna kuwa ta ɓare goro.

Tafiyar da na yi kwanaki ina tura mota, kafin azahar mun cinye ta. Da muka kusato Jos sai gajimare ya rufe mu, taga ta yi fari, jirgin ya riƙa tsalle kamar motar Lasisi. Ina jin matuƙin yana magana a hankali, ana ba shi amsa, yana gyaɗa kai. Ya fara sauke mu. Can sai gajimaren ya yage, na ga duwatsunmu da tafkunan kuza da jajayen rufin bariki. Na buɗe baki zan ce wa Inna mun iso.

Matuƙin ya kurma ihu. Jirgin ya kife a gefe ɗaya, injuna suka yi kururuwa. Kasko ya kuɓuce daga ƙarƙashin kujera ya gangara yana ƙara. Ta tagata na ga wani ɗan jirgi rawaya ya taso daga ƙasa ya gitta mu. Kusancin ya kai na ga mai tuƙa shi, Bature mai jan gashi, kansa ba komai a kunne, bakinsa a buɗe. Inuwarsa ta shiga cikin jirginmu ta fita, iskarsa ta girgiza mu kamar an bugi ƙofa. Wata Baturiya ta yi ƙara, Kwaran nan ya kama kiran Allah da Larabci, ni kuwa ko kalmar shahada ta ƙi fita.

Da jirgin ya daidaita, Inna ta tofar da goro a tafin hannunta ta ce, "Haka yake yi in zai sauka?"

Na ce, "Haka yake yi, Inna."

Muka sake kewayawa sannan muka sauka. Farfela ba ta gama tsayawa ba matuƙin ya dire, fuskarsa ja wur, ya nufi benen gilashi da gudu. Aka jingina tsani. A gindinsa Sabo ne tsaye da farar rigarsa. Ban taɓa ganin fuskar mai rai haka ba. A tsaye a wurin ya ga abin da ya faru a sama, daga farko har ƙarshe.

Na riƙo Inna zuwa ƙofa na ce, "Ga shi nan." Ya hawo ya miƙa hannu, jikinsa na ɓari. Ta kama shi, ta shafa fuskarsa, goshi da hanci da haɓa, ta ce, "Auta. Ka zo. Dubi yadda yake rawa, yaron nan. Ashe ba ka manta ni ba." Ya sauko da ita, ya durƙusa a ƙasa ya kifa kai a ƙafafunta, ya fashe da kukan da ya ce ba zai yi ba. Ta lalubo ɗaya hannun nasa, ta ji ya damƙe wani abu.

"Mene ne wannan?"

Ya buɗe hannun. Ɗan katako ne mai haruffa da fenti. Ya dube shi, ni ma na dube shi, na tuna jerin ƙusoshin nan. Ni na ce, "Na ofishinsu ne, Inna."

Ta ce wa Sabo, "Ni ka kawo wa?" Ta karɓe, ta ƙulle shi a bakin zane tare da audugar.

Ga yadda abin ya kasance, kamar yadda Sabo ya gaya mini kuma ya gaya wa masu bincike, bai ɓoye komai ba sai abu ɗaya. Baturen filin yana kulob. Ɗan jirgin rawaya na wani kamfanin kuza ne. Matuƙinsa ya kira, Sabo ya ce masa fili ba kowa, ya zo ya sauka, don a lokacin namu jirgin bai kira ba tukuna. Ya ɗauki katakon rawayan daga kwando zai rataye, sai ga muryar matuƙinmu, ya iso da wuri. Sabo ya rataye namu katakon da ɗaya hannun, ya ƙwala wa Mista Ajayi kira ya zo ya karɓi kujera, ya sauka da gudu don kada uwarsa ta iso ƙofa ba hannunsa. Mista Ajayi ya zauna, ya dubi bango, ya ga katako ɗaya. Ya gaya wa matuƙinmu sama tasa ce shi kaɗai. Shi kuma mai rawayan yana da ɗabi'ar da kowa a filin ya sani. Da an ba shi izini sai ya cire abin saurare, ya karkata ya yi ƙasa-ƙasa ta bisa rufin kulob don abokansa su ji ƙara su aiko masa da mota, sannan ya taso ya nufo fili. Da Mista Ajayi ya hango shi ta gilashi ya yi ta kira, ba kunnen da ke ji. Kowane matuƙi an gaya masa hanya tasa ce, kowanne kuma ya yarda.

Ba zan ce Sabo ba shi da laifi ba. Yana da shi, babba, kuma da Allah bai kiyaye ba da ni da Inna da kasko sai dai a tsince mu a tafkin kuza. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka raba laifin. Aka zo daga hedkwatarsu ta Ikko aka zauna a ofis, aka sha shayi. Baturen da ya bar kujerarsa ya tafi cin abinci, an mai da shi wani filin da ya fi namu girma. Mai jan gashi har jiya ya wuce ta bisa rufin kulob, duk Tudun Wada an ji shi. Mista Ajayi an ja masa kunne, ya zo har shago yana ba Sabo haƙuri kamar shi ya yi. Sabo kaɗai aka karɓe wa farar riga. Sun tambaye shi ina katakon, ya ce ya ɓata. Suka sa kafinta ya fafe wani.

Inna ta warke, har ta fara maganar hura wuta a ƙarƙashin kaskonta. Ta lura Sabo ba ya fita da sassafe, ta tambaya, ya ce ya bar aikin. Ba ta nemi dalili ba, don a ganinta ta san shi. Duk matar da ta zo barka da zuwa sai ta zaunar da ita ta ce, "Kin ga Auta? Yana jin na iso ya watsar da aikin Bature ya sauko da gudu. Yanzu ma ya bar musu abinsu gaba ɗaya don ya zauna kusa da ni." Matan su ce Allah ya yi masa albarka, waɗanda suka san zancen su sunkuyar da kai. Ba wanda ya gaya mata, kuma wanda duk ya gaya mata, ni da shi ne.

Ni har yau "kai wannan" nake. Na daina jiran wani abu daban.

Shekaranjiya da hantsi ta kira mu ɗakinta. Ta kwance bakin zane ta fito da katakon, ya yi baƙi-baƙi saboda shafa. Ta ce kyautar farko ce da ɗanta ya ba ta, ba ta so ya ɓata, a sa mata shi a bango saitin gadonta inda hannunta zai kai. Ta ce, "Kai wannan, nemo ƙusa."

Na nemo na buga. Ta miƙa wa Sabo katakon ta ce, "Rataya mini da hannunka, Auta."

Ya karɓa, ya daɗe yana tsaye a gaban bangon. Sannan ya rataye shi.